Yini Guda Gaban Akwatin Telebijin A Yola Da Jimeta

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya baro Yola ko Jimeta shekara 30 ko 40 da suka wuce ya gangaro Kurmi neman abinci, in aka yi masa zancen telebijin na gida, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙarfe 4 na yamma. A wancan zamani tasha ba ta buɗewa sai La'asar ta yi. Yara su kan taru tun kafin lokaci a gidan da ke da akwati, su tasa shi gaba suna kallon layukan launi da ba sa motsi, can sai a buga taken ƙasa, mai gabatarwa ya fito ya karanta jerin shirye-shiryen ranar. Wajen tsakar dare a sake buga take a rufe, kowa ya nemi makwancinsa.

Yau abin ya sake ƙwarai. Kwanukan tauraron ɗan'adam sun cika rufin gidaje tun daga Karewa har Jambutu, tashoshi sun fi a ƙirga, ga kuma wayar hannu a aljihun kowane saurayi. Duk da haka gidajen telebijin na hukuma suna nan da ransu, kuma da kuɗin jama'a ake biyan ma'aikatansu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal da Anaca sun baro iyali a gida, wasu ma su ne suka sayi akwatin suka aika da shi cikin motar shanu mai komawa. Saboda haka ya kamata mu duba mu ga abin da mutanen gida ke samu a cikin wannan akwati tun daga fitowar rana har dare, da kuma abin da ya kamata su samu amma ba sa samu.

YADDA ABIN YA FARO

Aikin telebijin a ƙasar nan a Kudu ya fara. Ran 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV a Badun. Jihar Gabas ta bi sahu da tata a Inugu cikin 1960, sa'an nan a 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna, Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe tata a Ikko. Tashar Jos ta Jihar Binuwai da Filato, wadda aka buɗe a 1974, ita ce ta fara nuna hoto mai launi a ƙasar nan.

Duk wannan lokaci mutanen Lardin Adamawa sai dai labari, gama hoton Kaduna ba ya isowa bakin Binuwai. Rediyo shi ne abokin hira. Sai ran 3 ga Fabrairu, 1976, da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama hedkwata, sa'an nan hanya ta buɗe. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta tattara duk gidajen telebijin na ƙasa ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka fara sani da NTV daga baya ta zama NTA, aka kuma ƙudura cewa kowace hedkwatar jiha sai ta sami tasharta. Ta haka Yola ta sami tata a ƙarshen shekarun 1970.

Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen. Ikko ta kafa LTV, Kano ta kafa CTV a zamanin Alhaji Abubakar Rimi, daga baya gwamnatin da ke Yola ita ma ta sami nata, wanda yau ake kira ATV. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka raba Gongola biyu, watau Adamawa da Taraba. A 1992 kuma aka yi dokar da ta yarda wa 'yan kasuwa su buɗe gidajen rediyo da telebijin, abin da ya kawo irin su Gotel ta Alhaji Atiku Abubakar. Ke nan a Yola akwai tashar Tarayya, akwai ta Jiha, akwai ta mai zaman kansa. Zancenmu na yau a kan biyun farko yake, don su ne na jama'a.

DA SAFE

Wani abu da mazauna Ikko kan manta shi ne, rana tana riga fitowa a Yola da fiye da rabin sa'a, ko da yake agogonmu ɗaya ne. Kafin shirin safe na NTA mai suna Good Morning Nigeria ya taso daga Abuja wajen ƙarfe 7, manomi ya riga ya kai gona, masunci ya dawo daga duba kalinsa, mai kayan gwari na bakin tafkin Geriyo ya kusa isa kasuwar Jimeta. Waɗanda suka rage gaban akwati su ne ma'aikatan ofis masu shirin fita, da tsofaffin da suka yi ritaya, da masu kantuna da masu aski, sai kuma masu jiran layi a banki ko asibiti inda a kan rataye akwati a bango.

Shirin na safe da Turanci ake yinsa. A kan duba kanun jaridun ranar, a gayyato minista ko shugaban wata hukuma ko wani masani a tattauna batun haraji ko tsaro ko farashin mai. Shiri ne mai amfani ga wanda ya yi boko, amma matar gida da ke dama koko a Dubeli ko Luggere ba da ita ake ba. Don haka safiya har yanzu ta rediyo ce. ABC Yola ta Jiha, da Fombina FM ta Tarayya, da sashen Hausa na BBC da takwarorinsa, su ne ke shiga kunnen talaka yana aikinsa, ba sa bukatar ya zauna, ba sa kuma bukatar wutar lantarki.

Maganar wuta kuwa ita ce uwar magana. Kamfanin YEDC mai hedkwata a Yola shi ke raba wuta a Adamawa da Taraba da Barno da Yobe, wutar kuma daga nesa ake jawo ta, ta Jos ta Gombe. A watan Afrilu na 2024 da ɓarayi suka kada turakun babban layin da ke tsakanin Jos da Gombe, Yola da maƙwabtanta sun yi makonni cikin duhu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, mai gida ya kan yi lissafi sau biyu kafin ya ta da janareta don kallo kawai. Masu hali sun koma ga sola. Ita ma tashar wannan ciwo ne ke damunta, don na'urar watsa hoto ba ta aiki da alkawari, sai an zuba mata dizal. Duk wanda ya ga tashar jiha a ƙasar nan ta ɗauke da rana tsaka, ya tambayi tankin mai kafin ya zargi ma'aikata.

RANA TSAKA

Daga hantsi zuwa Azahar maza sun watse, yara suna makaranta, gida ya zama na mata. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan wuce awo 40, ba mai marmarin leƙa waje, in dai akwai wuta to akwati a kunne yake. Nan ne tashar hukuma ta fi shan kaye. Abin da ta kan cike wannan lokaci da shi shi ne maimaicin shirin jiya, da fim na bayanin ayyukan wata ma'aikata, da taron da ake nunawa kai tsaye daga wani babban zaure a Abuja, inda manya ke jere a kan kujeru ana ta gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ba ta da haƙurin wannan. Sai ta danna ta koma Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 ta kuma kama zukatan mata da wasan Daɗin Kowa, ko ta koma tashoshin finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa.

Ba laifinta ba ne. Amma asara ce, gama wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi wa mata magana a kan abin da ya shafe su: awon ciki, da allurar rigakafin yara, da tsabtar ruwan sha da damina sa'ad da amai da gudawa kan ɓarke a unguwanni masu cunkoso, da 'yar sana'ar cikin gida. Irin waɗannan shirye-shirye akwai su, ana kuwa gayyato likita ko ungozoma su yi bayani da Hausa, sai dai sau da yawa zama ne kawai na mutum biyu a kujera suna magana har rabin sa'a. Da a ce darasin nan cikin wasan kwaikwayo aka saka shi, da ba a danna an bar shi ba.

Ran Juma'a rana tsaka ta kan ɗauki wani kama, a sami karatun Alƙur'ani da wa'azi, da azumi kuma tafsiri ya mamaye jadawali. Ran Lahadi sai a ga ƙungiyoyin mawaƙan coci da masu wa'azin Kirista. A nan tashar hukuma tana yin wani aiki da tashoshin tauraro ba sa yi. Adamawa gida ce ga Musulmi da Kirista tun tuni. Hedkwatar cocin LCCN tana Numan, ta EYN tana Kwarhi kusa da Mubi, ga kuma Katolika da bishop ɗinsu a Yola. Tashar tauraro ta addini mabiyanta kaɗai ke kallonta, amma a tashar hukuma yaron Musulmi ya kan ga yadda maƙwabcinsa ke ibada, shi ma maƙwabcin ya gani. Garin da ya ga tarzomar 'yan Maitatsine a Jimeta cikin 1984, ya kuma karɓi dubban 'yan gudun hijira sa'ad da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, ya san cewa sanin juna ba ƙaramin abu ba ne.

BAYAN LA'ASAR

Da yara suka dawo daga boko da Islamiyya, akwati ya koma hannunsu. Iyayensu da suka tashi a shekarun 1980 suna tuna Tales by Moonlight, wanda NTA ta fara a 1984, inda a kan tara yara gindin itace wata uwa ta ba su tatsuniya, a ƙarshe ta tambaye su darasin da suka koya. Yaran yanzu zanen barkwanci na ƙasashen waje suka fi sani. Suna iya lissafa sunayen jaruman Amurka da na Japan, amma ka tambaye su Gizo da Ƙoƙi, ko tatsuniyoyin da kakanninsu ke yi da Fillanci ko Bacama ko Kilba, sai su yi shiru.

Wannan batu ya shafi mu mazauna Kurmi fiye da kowa, don 'ya'yanmu da aka haifa a nan da Yarbanci da Turancin buroka suke tashi. Mu kan ɗauka cewa in mun aika da su gida hutu za su tsinci harshe. To, a Jimeta ma Hausa ce ke cinye ƙananan harsuna a bakin yara, akwatin da ke ɗaki kuwa bai taimaka ba.

TSAKANIN MAGARIBA DA LISHA

In mutum yana son ya ga amfanin tashar gida, to, ya zauna daga faɗuwar rana zuwa bayan Lisha. A wannan tsakani ne ake karanta labarun jiha da Turanci da Hausa da Fillanci, mai gida ya dawo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tuwo ya sauka. Labarun su kan fara da Gidan Gwamnati na Dougirei da Majalisar Dokoki, a bi da fadar Mai Martaba Lamiɗon Adamawa Alhaji Muhammadu Barkindo Aliyu Musɗafa, wanda ya gaji mahaifinsa a 2010, sa'an nan a zagaya ƙananan hukumomi 21 gwargwadon inda kyamara ta iya zuwa. Bayan labaru sai sanarwa: ɗaurin aure, naɗin sarauta, rasuwa da ranar addu'a, cigiyar yaro, kiran taron ƙungiya. Baƙo zai ga kamar ba kome ba ne, amma ɗan gari a nan yake jin wanda ya rasu a zuriyar da ya sani.

Labarun Fillanci suna da wani matsayi na daban. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙasar Fombina ta shimfiɗu ne har cikin abin da yau ake kira Kamaru, Turawa suka zo suka tsaga ta biyu. Har gobe mutumin Garwa da na Yola harshe ɗaya suke yi, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Tashoshin Ikko da Abuja ba ruwansu da wannan harshe. In tashar Yola ba ta yi Fillanci ba, to, wa zai yi? Haka nan Bacama da Bata da Mbula da Kilba da Margi da Higi da Camba da Bare da Lunguda da sauransu. Jiha ce mai harsuna masu yawan gaske, ba kuwa yadda za a yi yini ɗaya ya ishe su duka, amma ko minti 15 a mako aka ba harshe, tsohuwa ta ji an yi mata magana da bakin uwarta, ta san ita ma gwamnati ta san da zamanta.

Wani lokaci ma maganar ta kan zama ta rai da mutuwa. Madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan Binuwai a Kamaru, kudu da Garwa, an gama ta a 1982. In ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan ta Adamawa yake fara shigowa Nijeriya, ya bi ta Fufore da Yola da Girei da Demsa da Numan da Lamurde. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana zancen ginawa don ta tare shi, har yanzu tana kan takarda. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun ci rayuka da gidaje da gonakin shinkafa da masara ba iyaka. Hukumomi su kan fitar da gargaɗi, amma gargaɗin da aka rubuta da Turanci aka raba wa 'yan jarida a Abuja ba ya tashin kowa daga bakin kogi. Sai an faɗe shi da harshen mutane, an ambaci sunan ƙauyensu, an nuna musu hoton inda ruwa ya kai a gadar Jimeta, an maimaita dare bayan dare. Gani ya kori ji. Wannan aiki ne da ba wata tashar tauraro da za ta yi wa mutumin Njoboliyo.

To, amma akwai wani ciwo a cikin labarun nan da ya kamata a faɗa. Tun da aka yi dokar sayar da kamfanonin gwamnati da mai da wasu na kasuwanci a 1988, aka ce wa gidajen watsa labarai na hukuma su riƙa nemo wani kashi na kuɗin da suke kashewa. Daga nan al'adar biyan kuɗi kafin a ɗauki labari ta kafu a ƙasar nan. Mai bikin buɗe kanti ko ƙaddamar da littafi ya biya, a zo da kyamara. Ƙauyen da rijiyarsu ta ƙafe, ko makarantar da iska ta yaye wa rufi, ba su da abin biya, sai su yi ta jira. A Ingila kuɗin lasin da masu kallo ke biya shi ke riƙe da BBC. Mu a nan tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi karɓar kuɗin lasin rediyo da telebijin, gidajen watsa labarai kuwa sai su miƙa hannu ga gwamnatin da ta kafa su. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Akwai kuma abin da masu fataucin dabbobi za su so a ƙara. Shanun Mubi da Ngurore su ne ke cika mayankar Oko-Oba da kasuwannin Kudu. Da a ce kowane mako ana karanta farashin sa da buhun masara da na wake daga manyan kasuwannin jiha a tsare, da mai saye da mai sayarwa duk sun amfana, dillalin ƙarya kuma ya rasa ta cewa.

ƘARFE 9 NA DARE

Da ƙarfe 9 ta buga sai tashoshin NTA na ƙasa duka, wajen 100, su haɗu su ɗauko Network News. Wannan shi ne lokaci ɗaya tak da mai gadi a Apapa da mahaifinsa a Yola ke kallon abu ɗaya a minti ɗaya. Da daga Ikko ake karanto shi, yanzu daga Abuja. Manya suna tuna fuskokin Siene Allwell-Brown da Ruth Benamaisia da Cyril Stober da Eugenia Abu, da kuma Frank Olize na shirin Newsline na daren Lahadi, wanda ya kan tono labarun talakawa masu ban tausayi da ban mamaki. A zamanin soja, naɗi da sallama da sabuwar doka duk a ƙarfe 9 ake jinsu, kuma abin da NTA ba ta faɗa ba mutane ba sa ɗaukarsa tabbas.

Wannan amana ce mai nauyi, mutanen Adamawa kuwa sun ga nauyinta da idonsu. Ran Lahadi 16 ga Afrilu, 2023, ana tsakiyar tattara sakamakon ƙarashen zaɓen gwamna, Kwamishinan Zaɓe na jihar ya tashi ya ce Sanata Aishatu Dahiru Binani ce ta ci, alhali doka ba shi ta ba wannan aiki ba. Ba a jima ba aka ga jawabinta na karɓar nasara a NTA. Hukumar INEC ta soke sanarwar a ranar, ran 18 ga wata kuma aka bayyana Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri a matsayin wanda ya ci. Ko wane ɓangare mutum yake, ya san irin zaman ɗarɗar da aka yi a Yola da Jimeta cikin kwanakin nan, da irin wayar da muka yi ta bugawa gida daga nan Kurmi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana a yi amfani da kafofin watsa labarai na hukuma don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Wannan magana ta hau kan tashar Tarayya, ta kuma hau kan ta Jiha. Gwamnati takan zo ta wuce, amma in jama'a suka daina yarda da tasha, ranar da za ta ce musu ruwa na zuwa ma ba za su saurara ba.

BAYAN LABARU

A da bayan labaru ko kafinsu ne ake shan daɗi. Akwai Village Headmaster daga Ikko, da New Masquerade daga Inugu, da Cock Crow at Dawn da aka fara daga Jos a 1980 don jawo hankalin jama'a ga noman zamani, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a Bitrus, marigayi Ƙasimu Yero kuma a Gaga. Akwai Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi daga Kaduna, wanda ya rasu a 2023, mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki har Bayarabe da Ibo su yi ta dariya tare da mu. Hikimar wancan tsari ita ce kowace tasha ta shirya nata a nuna wa ƙasa duka, ta haka mutumin Kudu ya san Arewa, na Arewa ya san Kudu.

Yanzu da dare samari gidan kallon ƙwallo suke tafiya, su biya kuɗi su zauna kan benci don wasannin Ingila da Sifen. Sun san 'yan wasan Arsenal da Real Madrid har da masu zaman jira, amma Adamawa United ta gida ba kowa ke iya faɗin wanda ke tsare mata raga ba. Tasha kuma ta kan ƙarasa darenta da tattaunawar siyasa da maimaici, sauran 'yan kallo su yi ta gyangyaɗi har wuta ta ɗauke ko barci ya ɗauke su.

INA HOTUNAN NJUWA?

Akwai abu guda da ya kamata a ce yana cikin jadawalin dare, watau tarihin gida. Dattawa suna tuna bikin su na tafkin Njuwa da ke gefen garin Yola, wanda Batawan Rugange da Njoboliyo da ƙauyukan kewaye ke yi in ruwa ya ja baya da bazara, jama'a su yi dafifi, masunta su faɗa ruwa da homa da gora, a fitar da wanda ya kama kifi mafi girma. Yashi da laka sun yi ta cike tafkin, bikin ya daina zama na kowace shekara kamar da. Yaron da aka haifa yau, a Yola ko a Agege, in ba a hoto ba ina zai ga wannan?

Haka hawan Salla na zamanin Lamiɗo Aliyu Musɗafa, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 2010, da kokawar Bacama, da raye-rayen ƙabilu, da hirarrakin tsofaffin malamai da makaɗa. Duk abin da aka ɗauka a shekarun 1980 da 1990 a kan kaset aka ɗauke shi, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da laima, na'urorin kunna shi ma sun zama sai an tona. Kowane kaset da ya rage a ɗakin ajiya, ko a gidan wani tsohon ma'aikaci, ya kamata a juye shi a kwamfuta tun bai manne ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wanda ya yini gaban tashar hukuma a Yola zai ga sa'o'i da yawa da aka ɓata, zai kuma ga 'yan sa'o'i tsakanin Magariba da ƙarfe 10 waɗanda ba a samun irinsu a wani wuri. Waɗannan su ya kamata a faɗaɗa. Masu StarTimes a nan Kurmi suna samun NTA Hausa, amma labarun Yola da Fillancinta sai an dage da sa su a intanet kullum a kan lokaci, yadda direban tirela a Fatakwal zai buɗe wayarsa ya ga gida.

Mu ma akwai namu. Kusan kowace ƙabila da kowane gari na Adamawa suna da ƙungiyar ci gaba a Ikko da Badun da Fatakwal, ana tara kuɗi ana buga kalanda ana yin bikin shekara. Ƙungiya ɗaya za ta iya ɗaukar nauyin shirin rabin sa'a a mako da harshenta, na tatsuniya ko na noma ko na lafiya, har tsawon wata uku. Wata ta ɗauki nauyin juye tsofaffin kaset. In mun je gida Salla ko Kirsimeti kuma, mu tambayi 'yan majalisarmu nawa aka ware wa gidan telebijin a kasafin bana, nawa kuma ya isa hannunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu karatu da ke da abin cewa a kan wannan batu, musamman tsofaffin ma'aikatan telebijin na zamanin Gongola da ke zaune a Kudu, muna maraba da wasiƙunsu a wannan shafi. Allah ya ba mu zaman lafiya a gida da daji, amin.